Remington ya durƙushe, awonsa ya ci kasuwa: dalilin da guntun ƙarfe ya fi bindiga sukutum tsada a Amurka

A manyan shagunan kayan farauta na Amurka, dala 400 zuwa 600 ta ishi mutum ya fita da doguwar bindiga sabuwa fil, irin Savage Axis ko Ruger American, wadda za ta kayar masa da barewa daga nisan ɗaruruwan taku. A wannan ƙasa kuma akwai masu biyan dala 1,400, har su yi jiran watanni, domin a ƙera musu wani guntun ƙarfe mai tsawon kamar inci takwas, mai nauyin da bai fi kilo ɗaya ba. Babu bututu a jikinsa, babu kunama, babu ƙota. Ko harsashi ɗaya ba zai iya fitarwa ba. A canjin naira 1,500 kan dala, kuɗin nan ya haura naira miliyan biyu.

Guntun ƙarfen shi ne gidan sakata. Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda mai harbi ke ɗaga wani ɗan hannu, ya ja shi baya kwanson da aka harba ya fita, ya tura shi gaba sabon harsashi ya shiga, sannan ya kwantar da hannun ya kulle, kamar dai yadda ake yi wa sakatar ƙofa. Waɗanda suka ga tsohuwar Mak 4 a kafaɗar 'yan sanda sun san irinta. Gidan sakata shi ne kwarkwaron da wannan sakata ke kai-komo a cikinsa. A bakinsa ake murɗa bututu, a ƙasansa ake maƙala kunama da ma'ajin harsasai, a bayansa ake ɗora madubin hangen nesa, shi kuma a kwantar da shi cikin ƙota. Duk sauran sassan bindiga a jikinsa suke haɗuwa.

Kasuwar waɗannan gidajen sakata na musamman ƙarama ce idan aka auna ta da cinikin makaman Amurka baki ɗaya. Amma wanda ya bi sawun farashinta da sauye-sauyen ƙirarta zai ga yadda babban kamfani mai shekara fiye da 200 ya saki abin da ke hannunsa, da yadda inji ya karɓe aikin maƙeri, da kuma yadda dokar da aka rubuta a 1968 ta rataya nauyinta duka a kan sashe guda na bindiga.

Awon da ya fi mai shi daɗewa

Kusan duk ƙananan kamfanonin da ke wannan sana'a, daga Defiance Machine na jihar Montana zuwa Impact Precision na Oklahoma da Zermatt Arms na Nebraska, suna tallata kayansu da magana ɗaya: an yi shi bisa awon Remington 700. Ma'anar wannan ita ce kauri da zagayen jikinsa, da tazarar ramukan notinsa biyu, da wurin maƙala kunama, duk sun yi daidai da na wata bindiga da ta shigo kasuwa a 1962.

Asalin ƙirar ya girmi haka. A 1948 injiniyan kamfanin Remington, Mike Walker, ya fitar da samfuri biyu, 721 da 722, da nufin rage kuɗin ƙira. Bindigogin da suka yi tashe kafin lokacin, irin Mauser 98 ta Jamus da Winchester 70 ta Amurka, gidan sakatarsu na da shimfiɗaɗɗen gindi da lunguna masu cin lokaci a kan inji. Walker ya ɗauki sandar ƙarfe mai zagaye ya huda ta. Abu mai zagaye ya fi sauƙin juyawa a kan injin sassaƙa ƙarfe, ya kuma fi sauƙin daidaitawa. Da samfurin 700 ya fito a 1962 a kan kimanin dala 115, sai arha ta haɗu da saiti mai kyau. An sayar da fiye da miliyan biyar. Sojojin kundunbalar ruwa na Amurka suka gina bindigar gwanayen harbinsu, M40, a kanta a 1966, rundunar sojan ƙasa ta bi sahu da M24 a 1988.

Yawan nan shi ya haifi wata kasuwa a gefe. Duk mai ƙera ƙota, ko kunama, ko mazaunin madubi, da awon 700 yake farawa, domin nan masu saye suka fi yawa. Haƙƙin mallakar ƙirar kuwa ya daɗe da ƙarewa, kowa na iya kwaikwayon awon ba tare da biyan ko sisi ba. Saboda haka sabon kamfani da ya ƙera gidan sakata bisa wannan awo ya gaji kayan haɗi na shekara sittin a ranar da ya buɗe shago. Wanda ya ce zai ƙirƙiro nasa awon kuma, sai ya roƙi masu ƙota da masu kunama su yi masa nasa daban, abin da ba su cika yi ba. Har Bergara na ƙasar Sifen, da ya shigo da samfurinsa B-14 a 2015, awon Remington ya bi.

Yadda mai gida ya bar ƙofa a buɗe

Ruwa ba ya tsami banza. Da Remington ya ci gaba da riƙe amanar masu sayensa, da ƙananan kamfanonin nan ba su wuce hidimar 'yan tsirarun masu gasa ba.

Matsala ta farko a kunama take. Shekaru da yawa ana ƙorafin cewa wasu bindigogin 700 kan tashi ba tare da an taɓa kunamar ba, musamman lokacin da ake zare makullin kariya. A shekarar 2000, a jihar Montana, wani yaro ɗan shekara tara mai suna Gus Barber ya rasu bayan bindigar da mahaifiyarsa ke sauke wa harsashi ta tashi. Mahaifinsa, Richard Barber, ya shafe shekaru yana tono takardun cikin gida na kamfanin. A 2010 tashar CNBC ta watsa binciken da ya nuna cewa tun a 1948 Walker da kansa ya ba da shawarar a yi wa kunamar gyara, kuma an ƙiyasta gyaran zai ƙara santi biyar da rabi ne a kan kowace bindiga, amma ba a yi ba. Remington bai taɓa amsa cewa ƙirar na da aibi ba. Ya dage cewa rashin tsabtace bindiga, da taɓa saitin kunama da masu ita ke yi, da sakaci wajen riƙo ne ke jawo haɗurran. Duk da haka a 2014 ya amince da sulhu a wata shari'ar gama-gari, wadda ta shafi bindigogi kusan miliyan bakwai da rabi, ya yarda zai sauya kunama kyauta. Lokacin da alƙali a jihar Missouri ya tabbatar da sulhun a 2017, masu neman canjin ba su wuce dubu 22 ba.

Abin lura a nan shi ne wanda ya ci ribar wannan badaƙala. Miliyoyin masu bindiga sun koyi cewa kunamar 700 abu ce da ake cirewa a sa wata. Kamfanoni irin su Timney da TriggerTech na Kanada suka samu kasuwa. Mutumin da ya saba sauya kunama kuwa, bai da nisa da tunanin sauya sauran.

Matsala ta biyu ta kuɗi ce. A 2007 kamfanin zuba jari na Cerberus Capital Management ya sayi Remington, ya haɗa shi da wasu masu ƙera makamai a ƙarƙashin inuwar Freedom Group, aka ɗora wa rukunin bashi mai nauyi. A waɗannan shekaru ne ƙorafi kan ingancin aiki ya yawaita a bakin maƙera da mafarauta. A Maris na 2018 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashin kusan dala miliyan 950. Ya fito, ya sake komawa a Yulin 2020, a shekarar da Amurkawa ke sayen bindiga fiye da kowane lokaci a tarihinsu. A Satumba aka yi gwanjonsa gunduwa-gunduwa. Vista Outdoor ya ɗauki sashen harsasai a kan dala miliyan 81.4. Ruger ya ɗauki Marlin a kan miliyan 30. Sashen ƙera bindigogin Remington kansa, har da samfurin 700, dala miliyan 13 aka sayar wa wani rukuni mai suna Roundhill. Wato sashen harsasai ya ninka masana'antar bindigar sau shida a daraja.

Sabon kamfanin, RemArms, ya ci gaba da ƙera 700, yanzu ma da kunamar Timney yake fitar da ita. Amma a Maris na 2024 ya rufe masana'antar garin Ilion ta jihar New York, yankin da Eliphalet Remington ya fara sana'ar a 1816, ya tattara aikinsa zuwa LaGrange a jihar Jojiya. Kusan ma'aikata 300 suka rasa abin yi a ƙaramin garin da jikoki suka gaji kakanni a bakin inji.

Me ake sauyawa, kuma don wa

A da, mai son bindiga ta musamman kan sayi gidan sakatar Remington ya kai wa maƙeri. Maƙerin ya ɗora shi a kan inji ya daidaita fuskarsa, ya gyara zaren da bututu ke shiga, ya goge inda haƙoran sakata ke zama, wani lokaci ya sauya hannun sakatar da ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Kafin a gama, kuɗin ƙarfe da na aiki sun doshi dala dubu, kuma ranar da mai shi ya tashi sayarwa, farashin tsohuwar Remington za a taya masa. Wannan lissafi ne ya fara tura mutane wajen masu ƙera sabo daga tushe.

Abin da ya faɗaɗa kasuwar kuwa wasa ne. A 2012 aka kafa gasar Precision Rifle Series, inda ake harbin farantan ƙarfe daga nisan yadi 300 zuwa fiye da 1,000, mai harbi na jingine da dutse, ko taya, ko shingen katako, an ba shi daƙiƙa 90 zuwa 120 ya yi harbi kamar goma. Harsashin 6.5 Creedmoor da Hornady ya fitar a 2007, mai sauƙin naushi a kafaɗa, ya rage wa sababbin shiga wahala, sannan a 2015 Ruger ya kawo Precision Rifle a kan dala 1,399, ya buɗe wa masu matsakaicin ƙarfi ƙofa. Wanda ya shiga da ta kanti ya ga abin da na gaba da shi ke riƙe da shi, shekara mai zuwa sai ya fara tanadi.

Kusan duk sauye-sauyen ƙira na shekaru goma da suka wuce daga buƙatun wannan gasa suka fito. A Remington, ƙarfen da ke tare naushin harbi wani faranti ne daban da ake matsewa tsakanin bututu da gidan sakata, mazaunin madubi kuma da ƙananan notina huɗu ake ɗaure shi. Masu tsada a yau daga dunƙulen ƙarfe ɗaya ake sassaƙo su duka uku, domin abin da ba a ɗaura ba ba ya kwancewa. Sakatar Remington haƙora biyu gare ta, sai an ɗaga hannunta digiri 90 take buɗewa. Wasu kamfanoni, irin su Terminus da Curtis, sun koma haƙora uku da ɗagawar digiri 60, hannu ya rage tafiya kuma ba ya gogar madubi, sai dai ɗagawar ta fi nauyi, shi ya sa har yau gwanaye da yawa ba su bar ta 90 ba. An buɗe cikin gidan domin ya karɓi ma'ajin harsasai irin na kamfanin Accuracy International na Ingila, wanda shi ma ya zama awon kowa. An shafe sakata da wani baƙin rufi mai tauri da santsi domin ta yi ta aiki cikin ƙura ba tare da mai ba. Impact Precision ma da wannan ya yi suna: ya bar 'yar sarari tsakanin sakata da gidanta lokacin da take tafiya, ta yadda yashi ba zai cije ta ba, amma ta kulle tsam idan an kwantar da hannu.

Wani abin sha'awa shi ne yawancin abin da ake kira sabo tsoho ne aka tono. Doguwar ƙugiyar da ke kama harsashi tun daga fitowarsa daga ma'aji har shigarsa bututu, Paul Mauser ya kammala ta a 1898. Kan sakata da ake cirewa a sa wani domin sauya girman harsashi, Savage 110 ta zo da shi a 1958. Ted Karagias na American Rifle Company a jihar Washington bai ma ɓoye ba: samfurinsa Mausingfield haɗin sunan Mauser ne da Springfield ta 1903, domin daga wurinsu ya aro ƙugiya da abin cillar da kwanso, ya zuba su cikin awon Remington.

A nan ya kamata a faɗi abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Kaɗan ne daga cikin waɗannan gyare-gyare ke ƙara wa bindiga saiti. Inda harsashi zai sauka ya dogara ne kan bututu, da harsashin kansa, da iya karanta iska na mai harbi. Gidan sakata na dala 900 da na dala 1,600, idan an ɗaura musu bututu iri ɗaya, da wuya allon saiti ya bambance su. Abin da ƙarin kuɗin ke saye shi ne sauri, da santsi a hannu, da rashin cijewa ranar gasa, da kuma, a gaskiya, sunan da ke rubuce a jiki.

Sauyin da ya taɓa tukunyar maƙeri

Akwai dai sauyi guda da ya fi sauran duka nauyi, kuma ba a ganinsa da ido. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi a cikin bututu dole ta yi daidai har zuwa 'yan kaso cikin dubu na inci. Idan ta yi kaɗan sakata ba za ta kulle ba, idan ta yi yawa kwanso na iya tsagewa a fuskar mai harbi. Kaurin gashin kan mutum kamar kaso uku ne cikin dubu na inci. Gidajen sakata na kanti irin na Remington kan ɗan bambanta da juna, don haka kowane bututu sai maƙeri ya yanka shi daidai da gidan da zai zauna a ciki. Dole a aika masa da bindigar, a shiga layi, wani lokaci na watanni.

Injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun kashe wannan dole. Kamfanin da zai iya fitar da gidan sakata dubu, kowanne daidai da ɗan'uwansa har zuwa kusan kaso ɗaya cikin dubu na inci, ya ba masu ƙera bututu damar yanka bututun tun kafin su san wanda zai saya. Mai bindiga ya yi oda ta intanet, a kawo masa har gida. Tikka ta ƙasar Finlan ma ta samu karɓuwa a wannan fage saboda daidaiton awonta, duk da cewa ta kanti ce.

Muhimmancin wannan ga ɗan gasa a fili yake. Bututun ƙananan harsasai masu gudu da ake yayi yanzu kan ƙone tsakanin harbi 1,500 zuwa 3,000, gasar kwana biyu kuma kan ci harsashi kusan 200, ban da na atisaye. Mai himma kan cinye bututu biyu ko uku a shekara. A wurinsa bututu kamar tayar mota ne, gidan sakata kuwa shi ne motar. Idan aka kalli abin ta nan, dala 1,400 a kan abin da zai yi shekara ashirin ba ta kai kuɗin harsashin kaka ɗaya ba.

Ga maƙerin ƙauye kuwa, mai injinsa ɗaya a bayan gida, aikin da ya fi kawo masa kuɗi akai-akai ne ya kama hanyar fita. Waɗanda suka tsira su ne suka sayi manyan injina suka koma yanka bututu da yawa suna aikawa ko'ina, wato suka zama ƙananan masana'antu, ko kuma waɗanda sunansu ya kai a biya su don sunan. Na tsakiya ne ke shan matsa.

Inda farashi ya tsaya, da inda ya tsage

Ƙarfen da ke cikin gidan sakata ba shi ne kuɗinsa ba. Dunƙulen ƙarfen da ba ya tsatsa mai nauyin kilo biyu ko uku ƙaramin kaso ne na farashin, shi ya sa harajin shigo da ƙarfe da gwamnatin Donald Trump ta sa a kashi 25 cikin ɗari a 2018, ta kuma ɗaga zuwa 50 a Yunin 2025, bai isa ya bayyana tsadar ba. Abin da ake biya shi ne sa'o'in inji. Hanyoyin da haƙoran sakata ke bi a ciki, alal misali, kamfanoni da yawa da waya mai wutar lantarki suke yanka su, aiki mai tsabta amma mai tafiyar hawainiya. Ga albashin ƙwararrun masu sarrafa inji, waɗanda masana'antun jiragen sama da na kayan asibiti ke zawarci. Ga kuma ƙarancin adadi: abin da irin waɗannan kamfanoni ke fitarwa a shekara bai kama ƙafar na manyan masana'antu ba.

Kasuwar ta rabu biyu. A sama akwai irin su Impact 737R da manyan samfuran Defiance da BAT Machine, daga kimanin dala 1,300 zuwa sama, na ƙarfen titaniyom marar nauyi da mafarautan duwatsu ke so kuma ya fi haka. A ƙasa akwai rukunin da ya taru a bakin dala 900 zuwa 1,000, inda Origin na Zermatt ya daɗe yana jan zare. Dabarar rage kuɗi a nan sananniya ce: a bar mazaunin madubi da farantin naushi a matsayin sassa daban, a rage zaɓi, a ƙera da yawa a ajiye maimakon jiran oda.

Shekarar 2023 ce ta gwada iyakar haƙurin masu saye. Bayan Defiance ya sauya hannu a ƙarshen 2022, sababbin masu shi suka yi wa farashi babban ƙari a farkon shekarar, abin da ya fusata abokan ciniki da maƙeran da ke sayen kayansa da yawa. A daidai lokacin American Rifle Company ya fito da Coup de Grâce a kan dala 899, ɗauke da abubuwan da a da sai a rukunin sama ake samu, Aero Precision kuma, wanda ya yi suna wajen ƙera sassan AR-15 da yawa a kan arha, ya shigo da Solus a kusan wannan farashi. Abin da ya ba ƙananan kamfanonin nan rai shi ne ya hana su cin karensu babu babbaka. Tunda awon na kowa ne, wanda ya ji an tsawwala masa zai ɗauki ƙotarsa da kunamarsa da ma'ajinsa ya koma wa maƙwabci, babu abin da zai yi asara sai bututu. Faɗuwar wani tashin wani.

Tsadar wasan gaba ɗaya kuwa ba ta sauka ba. Cikakkiyar bindigar gasa kan kai dala 4,000 zuwa 6,000 kafin a sa madubi, madubin kuma na iya cin rabin haka. Masu shirya gasar sun ware wani rukuni na bindigogin kanti mai iyakar farashi domin masu ƙaramin ƙarfi, aka fara da dala 2,000, amma an yi ta ɗaga iyakar, kuma kamfanoni suka koyi haɗa bindiga da gidan sakata na musamman su tsayar da farashinta daf da layin.

Abin da doka ke gani

A idon dokar tarayyar Amurka, wannan guntun ƙarfe shi ne bindigar. Dokar kula da makamai ta 1968, wadda aka zartar bayan kisan Shugaba John F. Kennedy da bindiga mai sakata da aka saya ta gidan waya, da kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ta ce gidan sakata kaɗai ma makami ne. Shi ke ɗauke da lambar shaida. Idan an saye shi daga kamfani sai ya bi ta hannun dillali mai lasisi, mai saye ya cika takarda, a binciki tarihinsa. Har ma dillali ba zai sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 gidan sakata tsura ba, alhali ɗan shekara 18 na iya sayen cikakkiyar doguwar bindiga. A Maris na 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai bakwai kan biyu, ta tabbatar da ikon hukumar ATF na ɗaukar wasu sassan da ba a ƙarasa ƙerawa ba a matsayin makami.

Bututu, da kunama, da ƙota kuwa, dokar tarayya ba ta ɗauke su makami ba, ɗan aike ke ajiye su a ƙofar gida. A 1968 wannan bai da wani tasiri sosai, domin haɗa su sai maƙeri. Yanzu lambar shaida ɗaya na iya zama bindiga uku masu harsashi daban-daban a hannun mutum ɗaya.

Akwai kuma batun haraji, wanda ba a cika tattaunawa ba. Tun 1937, ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson, harajin da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda yanzu yake kashi 11 cikin ɗari, na tafiya ne ga hukumomin kula da namun daji na jihohi, kuma a wasu shekarun kuɗin kan haura dala biliyan ɗaya. Harajin na kan cikakkiyar bindiga ne, ba ya hawa kan sassan da aka sayar daban-daban. Mutumin da ya sayi ta kanti ta dala 500 ya sa wani abu a asusun. Wanda ya tattaro sassan dala 5,000 daga kamfanoni huɗu ya haɗa da hannunsa don amfanin kansa, sai dai ya biya a kan harsashi.

Kada dai a ɗauka cewa wannan kasuwa ce ke rura wutar kashe-kashen Amurka. Alƙaluman hukumar FBI sun daɗe suna nuna cewa ƙananan bindigogin hannu ne ke da kaso mafi girma a kisan kai, dogayen bindigogi kowane iri kuwa ƙaramin kaso gare su. Ko a lokutan da aka yi ta'asa da mai sakata, ba ta dala dubbai ba ce. Charles Whitman, da ya yi harbi daga hasumiyar Jami'ar Texas a 1966, Remington 700 ta kanti na cikin makamansa. Wadda hukumomi suka ce da ita aka kashe Charlie Kirk a jihar Utah a Satumban 2025 tsohuwar ƙirar Mauser 98 ce.

Inda lamarin ya taɓo yankinmu shi ne fitar da kaya waje, domin gidan sakata na bin ƙa'idar da cikakkiyar bindiga ke bi. A Maris na 2020 gwamnatin Trump ta farko ta ɗauke lasisin fitar da yawancin bindigogin farar hula daga Ma'aikatar Harkokin Waje ta miƙa wa Ma'aikatar Kasuwanci, matakin da masana'antar ta daɗe tana nema. A 2024 gwamnatin Joe Biden ta fitar da jerin ƙasashe 36 da ta ce akwai haɗarin karkatar da makamai a cikinsu, ta ce za a riƙa ƙin ba da lasisin sayar wa waɗanda ba gwamnati ba a can sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Najeriya, da Nijar, da Chadi, da Mali, da Burkina Faso duk suna cikin jerin. A ƙarshen Satumban 2025 gwamnatin Trump ta biyu ta soke wannan ƙa'ida. Abin da ya rage tsakanin ɗan kasuwar Legas ko Kano da irin wannan kaya shi ne lasisin Ma'aikatar Kasuwancin Amurka na yau da kullum, da kuma Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959, wadda ta sa lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigogin soja masu harsashi irin 7.62 da .303 kuma a hannun Shugaban Ƙasa.